Buhun Takin da Ya Kusa Zubar Min da Mutunci

Ko sunayen jikokina za su ɓace min, ba zan manta daminar da aka raba takin zamani a Kibiya ba, farkon dawowar mulkin farar hula. Ni ma na samu buhun yuriya guda, saboda 'yar gonar dawata da ke hanyar Fassi. Na san halin 'ya'yana, in suka gan shi sai gonakinsu. Sai na sa aka tura min shi ƙarƙashin gado, kusa da ƙwaryar kanwata, na ja bakina na yi shiru.

Ashe ƙasan ɗakin yana tsattsafo. Ba a daɗe ba wani zarni ya tashi, irin mai hawa kai har ido ya kawo ruwa. Na yi turaren wuta, na ƙara, kamar zuga shi nake.

Rannan na dawo daga barka, na tarar an shanya katifata a tsakar gida, an shimfiɗa leda a kan gadona. Matar babban ɗana ta durƙusa, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Inna, ba komai, girma ne. A dai rage kunu da yamma." Ni! Ni da ake aikowa takanas in je gyaran amare! Har maƙwabciya ta aiko da sassaƙe, wai shi ya tsayar wa kakarta.

Da ɗan nawa ya ce zai kai ni asibitin Rano, sai na auna: taki ko mutunci? Na ce a jawo abin da ke ƙarƙashin gadon nan, a gaban kowa.

Abokin ɗan nawa, malamin gona, yana zaure, aka kira shi. Yana shigowa ya toshe hanci. "Hajiya, ai wannan amoniya ce. Takin ya jiƙe, ga kanwa kusa, iskar cikinsa ce ke fita. Ita ce ke sa fitsari zarni, shi ya sa irin warin nan muke ce masa na amoniya. Kuma ƙarfin takin ne ke gudu."

Na ce, "Ɗan nan, ƙarfin taki bai dame ni ba. Fita tsakar gida ka maimaita da ƙarfi, har na bayan katanga su ji." Ya kuwa maimaita, yana danne dariya. Ni da hannuna na yaye ledar nan.

Abin da ya rage na takin, gonakin 'ya'yan aka kai shi. Amma tun daga ranar na koyi abu guda: duk abin da za ki ɓoye wa mutanen gidanki, ki fara shinshina shi tukuna.