Tarin Yohanna

Har yau ban manta da ranar da Yohanna ya dafe ƙirji ya durƙushe a gaban injinsa ba. Lokacin ni ne foman na shif ɗin safe a wani kamfanin robobi da ke Sharada, inda muke yin bokitai da kujeru. Ga wanda bai san tsarin ba, foman shi ke raba wa ma'aikata injina, kuma duk abin da ya sami mutum a bakin aiki, shi ake fara tambaya.

Yohanna mutumin kudancin Kaduna ne, matashi mai mata da 'ya'ya biyu, ga iya aiki. Ya daɗe yana wani busasshen tari, yana ramewa. Sigari kuwa ba a magana. Da an tashi hutun rana sai su nufi bakin ƙofa shi da amininsa Hadi, ɗan Damagaram, su yi ta busa hayaƙi.

Ran nan da hantsi, cikin damina, na kashe injin, muka ɗauke shi ni da Hadi zuwa ɗakin shan magani na kamfani. Nas ta saurari ƙirjinsa ta ce, "Malam Garba, wannan ba namu ba ne. A fito da mota yanzu." A babban asibiti aka ce huhunsa guda ne ya huje ya motse. Aka sa masa roba a haƙarƙari aka fitar da iskar, numfashi ya dawo.

Kafin in koma Sharada magana ta riga ni: wai tarin fuka ne. Washegari ma'aikata suka tare ni. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Foman, mu ma muna da iyali. In ya dawo, mu za mu ajiye aiki."

Na kai maganar wurin Hajiya, manajar ma'aikata. Ta ce, "Ƙa'ida ita ce ba a sallamar mutum a kan jita-jita. Sai likita ya yi magana. Ku je ku lallaɓa su."

Gwajin majina bai nuna tarin fuka ba. Aka yi masa hoton ƙirji na musamman, aka ciri ɗan nama daga huhun aka auna. Ranar da sakamako ya fito Yohanna ya roƙe ni in zauna tare da matarsa mu ji. Likitan ya ce sunan ciwon histiyosaitosis, kuma ba kasafai ake ganinsa ba. Ya ce jiki yana da wasu ƙwayoyi masu gadi, aikinsu su gano cuta su kai rahoto. To, a jikin Yohanna sun yi yawa, sun taru a huhu suna ɓarna a gidan da aka ba su tsaro.

Na ce, "Likita, ana ɗauka?"

Ya ce, "Ko kaɗan. Amma irin wannan na huhu abokin tafiyar sigari ne. In ya daina, akwai kyakkyawan zato ciwon ya lafa. In bai daina ba, maganina ba zai yi masa komai ba."

Da ya samu sauƙi, Hajiya ta mayar da shi sashen ɗaure kaya, nesa da zafin inji. Na so in yi wa ma'aikata bayani, ya ce a'a, ciwonsa ne, shi zai faɗa. Ya tsaya gabansu ya faɗi abin da likita ya ce. Ya ƙare da cewa, "Ba abin da zan sa muku. Tsorona ɗaya, ban san ko zan iya barin sigari ba."

Sai Hadi ya taso, ya ciro kwalin sigarinsa daga aljihu ya miƙa mini. Ya ce, "Foman, ku zubar. Ba zan tsaya ina sha yana kallona ba. Tare muka fara, tare za mu bari."

Dattijon nan da ya ce zai ajiye aiki shi ya fara miƙa wa Yohanna hannu.

Ba a sha da daɗi ba. Su biyun sun yi makonni suna faɗa da kowa, har da junansu. Sau ɗaya Yohanna ya koma shan sigari, Hadi ya bi shi har gida a Ɗorayi ya zazzage masa. Ranar asibiti kuwa, abokan aiki ke musayar shif da shi ba tare da na roƙe su ba. A hankali tarin ya ragu, kumatu suka dawo. Har yanzu yana zuwa a duba shi, amma da na yi ritaya na bar shi yana shugabancin sashensa.

Ku da za ku riƙe shif bayanmu, ku sani ma'aikaci ba mugu ba ne, tsoro ne ke sa shi gudun ɗan'uwansa. Kada ku yanke hukunci kafin masani ya yi magana. In aka gaya wa mutanen nan gaskiya, abin da za su yi wa junansu ya fi ƙarfin abin da foman zai iya umarta.