Ranar da Aka Amsa Gayyatar Abdul-Radi

Da za a haɗa tafiyar da ɗan kawuna Abdul-Radi ya yi a kan kogin Nilu a miƙe ta, na rantse da ta kai shi Makka sau goma sha bakwai, har ya tsaya a hanya ya sha shayi. Sai dai duk a gicciye ya yi ta. Shekara ashirin da uku yana aiki a jirgin fito tsakanin ƙauyenmu da Jirja, daga gaɓar gabas zuwa ta yamma, daga ta yamma zuwa ta gabas. Bai taɓa yin kudu ba, bai taɓa yin arewa ba. Shi ke jefa igiya, shi ke ɗaure ta, shi ke lallashin jakin da ya ƙi shiga. Akwai jakunan da ba sa hawa jirgi sai sun ji muryarsa.

Yana ɗan shekara shida iyayensa suka rasu, uwata Hajja Nabawiyya, ƙanwar ubansa, ta ɗauko shi ta haɗa da mu takwas. Tabarma ɗaya muka kwana ni da shi. Idan an yanka agwagwa shi ake ba cinya, ni a ba ni wuya, wai shi maraya ne. Na daɗe ina ganin maraici riba ce.

Radi mutumin kirki ne, amma yana da ciwo guda: gayyata. Kowa ya san gayyatar masu jirgi. Suna tsakiyar ruwa suna cin wake da albasa, sai su hango mutum a gaɓa su ɗaga murya, "Bismillah! Zo mu ci! Wallahi sai ka ci!" Sun san dai ba zai taka ruwa ya zo ba. Shi kuma ya dafa ƙirji ya ce, "Allah ya ƙara albarka," kowa ya kama gabansa da mutuncinsa. To Radi ya ɗauki wannan ya mai da shi numfashi. Ya gayyaci masunta, ya gayyaci 'yan sanda, na taɓa jin sa yana gayyatar jirgin sama.

Sai da ya kai shekara arba'in da ɗaya sannan ya yi maganar aure. Tahani, mai yin allura a asibitin Jirja, ta shekara tara tana tsallakawa a jirginsu safe da yamma, kuma cikin shekara taran abin da ya taɓa ce mata shi ne, "Malama, a hankali, akwai santsi." Ko da rani, katako ya bushe ƙayau, akwai santsi. A shekara ta goma ta tsaya ta dube shi ta ce, "Malam Radi, ba ka da wata magana ne?" Sai ya ce, "Bismillah, zo mu sha shayi." Ta ce to. Daga nan ya kamata ya gane cewa a tudu ana amsa gayyata.

Tahani ita ce babba a gidansu, uwarsu ta rasu da wuri, ƙanne bakwai da uba mai ciwon ƙafa duk a wuyanta. Da aka zo maganar kayan aure ba ta yi jayayya a kan awarwaro ko kujeru ba. Abu ɗaya ta roƙa. Tana so bayan biki su hau irin manyan jiragen nan masu hawa huɗu da ke tashi daga Luksor zuwa Aswan, kwana huɗu, su biyu kawai.

Ta ce masa, "Tun ina 'yar shekara goma sha biyu ban taɓa gama kofin shayi ba a kira sunana ba. Kwana huɗu nake so, kada kowa ya san ni."

Ya dafa ƙirji ya ce an gama.

Ni na raka shi ofishin masu shirya tafiya a Sohaj, don ni ne mai ilimi a gidan, na kai aji biyu na sakandare kafin malamai su gaji. Yarinyar da ke ofishin ta buɗe mana hotuna: ɗakin kwana, wurin cin abinci, har da ɗan tafkin wanka a saman jirgin. Radi bai ko kalla ba.

"Igiya nawa yake da su?"

"Na'am?"

"Igiyar ɗauri. Kuma direban ɗan gidan wa ne? Ubansa mai jirgi ne ko a makaranta ya koya?"

Ta ce za ta tambaya. Sannan ta ce ɗaki mai babbar taga yake so ko na ƙasa?

Ya ce, "Taga ta me? Ruwa ne fa. Na san shi."

Na taka masa ƙafa na ce a rubuta mai taga. Da muka tashi fita ya gayyaci yarinyar biki, ya gayyaci mai gadi, ya gayyaci wani mutum da ya shigo neman canji.

Ranar Juma'a bayan masallaci duk muna gida, an zuba miyar lalo da burodi, ya fito da takardar yana nuna wa mutane. Uwata ta goge hannu ta karɓa, ta kai ta kusa da ido, ta daɗe tana kallo.

"Wannan jirgi ne ko gidan gwamna?"

"Jirgi ne, Gwaggo. Har Aswan."

"Har Aswan," in ji ta a hankali.

Ni da ke gefensa na ga hannunsa yana tafiya ƙirji, na san abin da ke tafe, amma bakina cike yake.

"Bismillah, Gwaggo, mu je tare! Wallahi sai kin zo! Jirgin naki ne!"

Saura ƙiris ya rantse da sakin matar da bai aura ba tukuna. Kowa ya ci gaba da cin abinci, ana jiran ta ce Allah ya ƙara albarka. Uwata ta ninke takardar ta sa a ƙirjinta ta ce, "To. Tunda ka matsa."

Cokali ya faɗi. Kaza ta daina tono. Ina jin har kogin sai da ya ɗan tsaya.

Kafin la'asar labari ya kai ƙarshen ƙauye, Hajja Nabawiyya za ta Aswan. Washegari ta kai baƙin yadi wurin tela. Ta ware tattabaru ashirin tana yi musu ɗura, ta sa aka sauko da tulun tsohon cuku wanda ya girme ni, wai ba ta yarda da girkin da namiji ya yi ba. Maƙwabta suka fara ba ta sautu, wannan lalle, waccan dabino.

Tahani ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗa muni. Ina cikin jirgin fito da babur ɗina mai ƙafa uku ranar da ta same shi yana naɗe igiya.

"Na ji Hajja za ta Aswan."

"Tahani, bakina ne ya..."

"Mutuniyar kirki ce. Ku sauka lafiya. Ni ina gidanmu."

"Wane gidanku? Ai bayan biki ne."

"A gidanmu na ce, Malam Radi. A saman gidan Hajja ka gina mana ɗaki, ban ce komai ba. Amma idan ba za ka iya rufe mana ƙofa kwana huɗu ba, da me za ka rufe ta shekara arba'in?"

Ta sauka ba ta waiwayo ba. Ko santsin bai samu ya ambata ba. Saura kwana tara biki.

Ya zo ya same ni fuska kamar an wanke ta da toka. "Himdan, uwarka ce. Yi wani abu."

"Da ana rabon cinya gwaggonka ce, yau ta zama uwata?"

Amma na tausaya masa. Na ce ya bar min, ba a taɓa kai ni gaban matsala na dawo ba labari ba. Na sami uwata tana tsince alkama, na zauna na yi ajiyar zuciya mai ƙarfi.

"Inna, kin ji abin da ya faru a kudu? Wani kada ne ya fito daga ruwa ya hau jirgi har hawa na uku, ya buɗe ƙofa da kansa, ya zaɓi wata tsohuwa."

"Ƙaryarka ta fara tsufa, Himdan. Miƙo min faifai."

"Matakala fa ɗari biyu ce, ga gwiwarki."

"Radi zai goya ni."

"Inna, Turawa ne a ciki. Matansu suna kwance a rana, abin da ke jikinsu duka bai kai hular jariri ba."

Ta ajiye faifan. Na ce alhamdu lillahi, an zo wurin.

"Ashe dole in je," in ji ta. "Yaron nan bai san duniya ba. Wa zai riƙe masa ido?"

Na koma na gaya wa Radi cewa na yi nasara rabi, yanzu ta fi da ƙarfin niyya. Ya ce in je in nemo wata dabara. Na ce dabara ta ƙare, abin da ya rage shi ne ya buɗe baki ya ce mata a'a. Ya dube ni kamar na ce ya sha kogin. Radi bai taɓa furta kalmar nan ba. Ko likita ya tambaye shi yana shan taba sai ya ce, "Yadda ka gani, likita."

Kwana uku yana zagaye gidan. Ya shiga ya gaishe ta ya fito, ya koma ya tambaye ta ko tana son a gyara kejin tattabaru. Ran na huɗu da hantsi ya same ta a bakin tanda tana gasa burodi, ni ina gefe ina jiran na farko ya fito. Ya tsuguna, ya cire rawani, ya mayar, ya sake cirewa.

"Gwaggo, maganar Aswan ɗin nan. Gayyatar masu jirgi ce na yi."

Ba ta juyo ba. Ta zura burodi ɗaya, ta zura na biyu.

"Ni za ka koya wa gayyatar masu jirgi? Shekara talatin ina auren mai jirgi." Ta share gumi da gefen mayafi. "Uban wannan sakaran yana dakon tuluna har Aswan. Duk dawowa sai ya zauna nan inda kake ya ce, Nabawiyya, duwatsun can baƙaƙe ne a tsakiyar ruwa, yashin kamar an zuba zinariya, wata rana zan kai ki. Har aka kai shi makwanci ban wuce Jirja ba. Na san ba har zuci ka faɗa ba. Cewa na yi bari dai sau ɗaya in amsa, in ga abin da zai faru."

Wallahi ni kaina burodin ya fita raina, na ɗan lokaci. Na dubi Radi, idonsa ya cika, hannunsa ya kama hanyar ƙirji. Na ce shi ke nan, an rasa Tahani. Sai na ga ya kama hannun da ɗaya hannun ya danne a kan gwiwa, kamar mai riƙe ɗan akuya.

"Gwaggo, ke kika raine ni, ba ni da bakin gode miki. Amma wannan tafiyar ba za ki je ba. Na yi mata alkawari mu biyu ne."

Tanda tana ta huci. Ya buɗe baki zai ƙara, ta ɗaga masa hannu.

"Kada ka ce min wata rana. An cika min kunne da ita." Ta ciro takardar daga ƙirjinta, ta yi laushi don zufa, ta ajiye masa a kan faifai. "Tashi ka ba ni wuri, kana tare min iska."

Aka yi biki. Uwata ta yi girkin mutum ɗari uku, ta sa sabuwar baƙar rigarta, amma ba ta yi guɗa ko sau ɗaya ba, kuma duk ƙauyen sun lura. Tattabarun nan ashirin mu muka cinye su, na ci bakwai don in rage mata baƙin ciki. Na kai ango da amarya tashar jirgin ƙasa da kaina, na tsaya a bayansa har suka shiga, don kada ya gayyaci mai sayar da tikiti.

Bayan kwana biyar suka dawo. Radi ya yi baƙi, ya yi ƙiba, kuma bai ga komai ba sai igiya. Wai a mashigar Isna, inda ake rufe jirgi a ɗaga shi da ruwa, ya ga yadda suke ɗauri ya kasa haƙuri, ya sauka da rigar angonci ya nuna musu. Ya ce direban ɗan gidan masu jirgi ne, shi ya sa ya iya barci.

Uwata ba ta tambaye shi komai ba. Gaisuwa kawai take amsawa, ita ma a gajarce. Sai washegari Tahani ta sauko ta zauna kusa da ita tana taya ta gyaran lalo. Can uwata ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Duwatsun baƙaƙe ne da gaske?"

"Wallahi, Hajja, ban gan su ba."

"Ba ki gan su ba?"

"Barci nake."

"Yashin fa?"

"Shi ma. Nakan tashi in ci abinci, in sha shayi har ƙasan kofi, in koma."

"Kwana huɗu! Ni mai son gani an bar ni, an ɗauki mai barci an kai ta. Ga taga har ƙasa!" Ta yi ƙwafa ta ci gaba da tsinke ganye. Sannan hannunta ya tsaya. "Wa yake tashin ki?"

"Ba kowa."

"Ba kowa?"

"Ko mutum ɗaya, Hajja."

Uwata, wadda ta raini tara, ta daɗe tana kallon ganyen da ke hannunta. Sai ta juyo kaina, ni da ban ce komai ba.

"Kai, Himdan! Ka gaya wa 'ya'yanka da na 'yan'uwanka, duk wanda na kama a matakalar ɗakin amarya kafin azahar, sai na karya masa ƙafa. Har da kai."