Mai Littafi da Mai Shiru

Manoma bakwai ne ke kawo mini riɗi, kuma sai da na shekara goma sha ɗaya kafin na haɗa su. A layinmu na kasuwar Muda Lawal babu wanda ya san ƙauyukansu. Su ne jarina na gaskiya, ba buhunan da ke shago ba.

A shekara ɗaya aka turo mini mutum biyu. Ta farko ɗaliba ce mai karatun aikin gona, ta zo da takardar makaranta: wata shida za ta yi, ta koma aji. Na biyun ya gama karatu, wani shirin sama wa matasa aiki ne ya ajiye shi a wurina na shekara guda, su ke biyansa. Ni duk ɗaya na ɗauke su, 'yan boko masu neman hatimi.

Ɗalibar ce ban yarda da ita ba. Tana da littafi mai kauri, komai ta gani sai ta rubuta. In na damƙi riɗi na shinshina, ta rubuta. In mota ta sauke kaya, ta tambayi direba daga ina.

"'Yata, wa ke karanta littafin nan?"

"Malaminmu, Baba. Sai ka buga hatimi ma yake karɓa."

"Malamin naku ba ya sayen riɗi?"

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Daga ranar na mayar da ita bakin sikeli. Duk Juma'a in buga mata hatimi, shi ke nan.

Shi kuwa saurayin ko biro ba ya riƙewa. Ya iya ɗinke buhu, ya iya shiru. Da ƙafata ta kumbura lokacin kaka, shi ya riƙa tuƙa ni ƙauyukan, daga baya na riƙa tura shi shi kaɗai. Ya ci tuwo a gidajen manoman, ya san sunayen 'ya'yansu.

Ban taɓa tsayawa na duba inda kowannensu zai nufa in lokacinsa ya cika ba. Ita aji ke jiranta, abin da take rubutawa maki ne kawai. Shi babu abin da ke jiransa sai kasuwa. Da shekararsa ta ƙare ya tambaya ko zan riƙe shi da albashi. Na ce sai na yi shawara, don na saba samunsa kyauta. Bayan wata biyu ya kama shagon riɗi a kasuwar Wunti.

Ban ce ya yi sata ba. An kawo shi ya koyi aiki, ya koya. Manoma uku suka bi shi, har da wanda riɗinsa ya fi na kowa tsabta, huɗu suka rage mini. Ita kuwa ta koma makaranta da littafi cike da hatimina, ba ta iya bambanta busasshen riɗi da mai danshi ba, kuma wannan ni na cuce ta.