Munduwar Ya Fatime a Tukunyar Malama Roda

Duk unguwar Nassarawo an san Malama Roda da abu biyu: tsawa da alli a gefen zani. Daga duwatsun Michika ta sauko Mubi tana budurwa, ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da kemistiri a sakandare. Darasinta na oksideshan da ridakshan kuwa, har masu acaba suna iya maimaita shi. "Ku nemo wanda ya bayar da ilektaron, ku nemo wanda ya karɓa," in ji ta. "Mai bayarwa shi ya yi oksideshan. Shi ke nan fa, kada ku cika ni da surutu!"

Da ta yi ritaya sai ta rasa wanda za ta yi wa tsawa, ban da maƙwabciyarta Ya Fatime, mai sayar da turaren wuta. Ita Ya Fatime, ranar da suka gudo daga Borno ba ta tsira da komai na mahaifiyarta ba sai munduwar azurfa guda ɗaya. Munduwar kullum baƙi take yi, ita kuma duk Juma'a sai ta dirje ta da toka da yashi. Zanen da ke jikin munduwar yana ta shafewa.

Wani hantsi Malama Roda ta tarar da ita tana dirza tana hawaye.

"Haba Ya Fatime! Azurfar kike cinyewa ai. Ina kike ajiye ta?"

Aka ɗauko kwallar da take ajiye ta. A ciki, kusa da mazaunin munduwar, ga ƙullin farar wuta da ake haɗa wa jikoki maganin ƙuraje.

"Ga ɓarawon nan," in ji Malama. "Shi yake kama azurfar, ta ba da ilektaron ɗinta, ta yi baƙi. Sai mu nemo mai mayar mata."

Ta shiga gida ta fito da tukunyar alminiyum ɗinta, ta goge cikinta, ta tafasa ruwa da kanwa, ta saka munduwar ta zauna a gindi. Wani wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya taso. Ya Fatime ta toshe hanci tana salati. Baƙin ya dinga janyewa a hankali, cikin tukunyar kuma yana dusashewa.

Zanen da yashi ya cinye bai dawo ba, Malama ma ba ta yi mata alkawarin haka ba. Amma ta ciki, inda hannu bai taɓa dirzawa ba, zanen wasu 'yan ganyayyaki ya fito tsaf. Ya Fatime ta daɗe tana shafa su da yatsa.

"Haka duk jikinta yake a hannun Iya," ta ce a hankali.

Can ta share ido, ta jawo tukunyar da sauran yashinta. "Kawo in wanke miki, Malama, na ɓata miki ita."

Malama Roda ta fizge abarta. "Ke dai ba kya jin magana! Bar min ita haka. Ita ce ta bayar."