Tuluna Masu Yoyo

Ƙanshin jiƙaƙƙiyar toka da kashin awaki nake shaƙa da safen da wasiƙar Goggo ta iso. Ina tsugune a ɗan lambuna da ke bayan gidanmu a Majidaɗi, ina barbaɗa wa kabeji toka saboda tsutsa. A lokacin ina koyarwa a elementare, Turawa ba su tafi ba tukuna. Goggo, ƙanwar Baba, tana aure a Ngaundere, can ƙasar da Faransa ke mulka, ta ce in je mata hutun bazara, mako uku.

Baba ya daɗe yana son filin nan don garken awakinsa. Ya ce, "Malama, kin ƙi takin Bature, kin ce toka ta ishe ki. To ga rana nan. In kin dawo kin tarar da ƙirare, awakina za su tare."

Inna kuwa gwiwarta ba ta kai ta rafin Lamurde, balle ta ɗebo ruwa ta yi mini ban ruwa. Na yi kwana biyu ina tunani, sai idona ya faɗa kan gindin randarmu, inda ciyawa take kore shar duk da zafin nan. Na nufi gidan maƙwabciyarmu, wata dattijuwar Mumuye mai ginin tukwane, na roƙe ta tulunan da suke yoyo.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kai Malama! Mutane yana dawo mini da shi da faɗa, kai kuma kana nema?"

Sha ɗaya ta ba ni. Na binne su har wuya a tsakanin tumatir da kabeji da karas, na cika su da ruwa, na rufe bakunansu da sakaina, na shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai.

Daga Yola muka tsallaka iyaka a motar kaya. Bayan Garwa hanya ta yi ta hawa, har iska ta yi sanyi kamar ruwan randa. Na ga wani ƙaton dutse zaune a kan tsauni kamar an ajiye shi da hannu. Goggo ta kai ni inda kogi yake zubowa daga sama, feshinsa ya jiƙa mini mayafi. Amma duk koren da na gani, sai kabejina ya faɗo mini a rai.

Ran da na dawo, ko takalmi ban cire ba na zaga baya. Tumatir sun yi jajir, kabeji ya naɗe kamar kan jariri. Na cika faifai da tumatir na ajiye a gaban Baba. Ya gutsiri ɗaya, ruwan ya gangaro masa a gemu, ya ce, "Shi ke nan, awakina sun rasa gida."

Shekaru da yawa ina ba da labarin dabarata. Sai bayan rasuwar dattijuwar nan Inna ta gaya mini cewa tulu irin wannan ba ya wuce kwana biyar da ruwa. Ashe dattijuwar ce take zagayowa ta ƙofar baya tana cika su, wai ba za a ce tulunta ya kashe shuka ba.