Ɗigo Uku a Gindin Oba-oba

Shekarar da aka sauya wa jiharmu suna, ina amarya a Malali, wata bakwai da tarewa. Maigidana mai kula da sito ne a wani ofishin gwamnati na masu awon hanya, kuma ba a ma tabbatar da shi a aikin ba tukuna. Mutum ne mai son a ce ya iya. Allah ya jiƙansa, ko ƙwan fitila zai sauya sai ya kira ni ya yi mini bayani.

Wata Juma'a bayan masallaci ya shigo da kwali, ya dire shi a tsakar gida a hankali kamar mai sauke jariri. Oba-oba ne guda shida, irin rediyon nan da ma'aikata ke magana da juna in suna daji. Baƙaƙe, jikinsu na roba, kowanne da tsohon sunan jiha da lamba a ƙirji, an rubuta da farin fenti. An umarce shi ya goge su tas kafin Litinin, sannan a buga sabon suna.

Ya kwance su ɗaya bayan ɗaya, ya zuba kayan cikin a farantina na baƙi, ya ce, "Amarya, wannan ba girki ba ne. Ki tsaya daga nan ki yi kallo."

To, na tsaya. Ya gwada kananzir, fenti ya ce bai san zancen ba. Ya sa reza, ya yi wa roba tsage. Daga nan ya ɗauko tina, ruwan nan mai hawa kai da masu fenti ke tsinka fentinsu da shi, ya jiƙa tsumma ya dirza a bayan guda ɗaya don gwaji. Wayyo! Nan take robar ta yi fari-fari ta fara danƙo, shatin babban yatsansa ya fito raɗau a jiki. Ya dubi abin, ya dube ni. Ni kuwa na duƙufa tsince shinkafa, don in na ɗago dariya za ta kuɓuce mini.

Abin da bai sani ba shi ne, cire fenti a jikin kaya aikinmu ne mu mata tun muna 'yan mata. A garinmu Rigachikun, kowace mace tana da alamarta a gindin kwano, don in an kai abinci gidan suna ko gidan biki, kwanon ya san hanyar gida. In kuwa kika gaji kwanukan wata, sai kin cire tata kin sa taki. Na ce, "Malam, in an ba mai girki izini, tana da magana."

Bai ce e ba, amma ya matsa gefe.

Na ɗumama man gyaɗa, na jiƙa auduga na lulluɓe rubutun, na ce a bar su su kwana. Da safe fentin ya yi laushi. Na bi shi da bakin tsohon ludayin duma ina kankarewa a hankali, lungun haruffa kuma na sa tsinken tsintsiya. Sannan na tankaɗe toka a rariya har ta yi laushi kamar hoda, na murza, na wanke da sabulu. Kafin azahar shidan suna kife a kan tabarma suna sheƙi, ba suna, ba lamba. Shi kuwa yana zagaye su hannu a baya yana cewa, "Eh, dama abin da na yi niyyar gwadawa ke nan."

Ran Lahadi ya mayar da kayan cikin, ya jera su a kwali ya tafi gaisuwa Kinkinau. Ni kuma na zo wucewa na leƙa. Wallahi ban yi da wata manufa ba. Kawai na ga kaya shida za su fita daga gidana tsirara, raina ya ƙi kwanciya. Innata ko murfin tukunya ba ta barin ya ƙetare zaure ba alama. Tata ɗigo uku ce ta jan fenti. Da zan yi aure ta ce in riƙe ukun, in ja layi a ƙasa. Na ɗauko jan farcena, na juya gindin kowanne, na ɗiɗɗiga masa uku na ja layi. Na hura suka bushe, na mayar, na manta.

Ran Laraba maigidana ya dawo daga aiki fuska kamar hadari. Ashe wani direba ne ya juya guda ɗaya ya gani, ya ɗaga sama ya ce, "Jama'a, ku zo ku ga kayan ɗakin amarya!" Tun daga masinja har akawu, kowa ya shigo sito sai ya ce a ara masa kwano ɗaya zai kai tuwo.

"Kayan gwamnati ne fa! Kayan gwamnati kika yi wa jan farce?" in ji shi. "Kin mayar da ni abin dariya."

Na ce, "To gwamnatin ba ta son kayanta su dawo ne?"

Bai ci tuwona ba ranar. Ya ce ya zauna a sito ya kankare biyar da farcensa, na shidan ne kawai ya tsira, don tun da sassafe masu awo sun fita da shi hanyar Zariya.

Washegari masu awo suka dawo ba na shidan. Wannan ya ce yana hannun wancan, wancan ya ce bai ma taɓa shi ba. Laifin kuma ya tattaru a kan maigidana, don shi ya ba da shi kafin a buga sabon suna, saboda sun matsa masa suna sauri. Shugabansu ya ce ko oba-oba ya dawo ran Litinin, ko shi ma kada ya dawo.

Nan wasa ya ƙare. Kwana biyu maigidana yana bin hanyar a keke yana tambaya, ya dawo ƙafa duk jar laka. Me zai ce ma a nemo? Baƙin abu, ba suna, ba lamba, mu da hannunmu muka goge. Ran Asabar na same shi zaune a bakin gado ya zuba wa takalmin aikinsa ido. Tausayinsa ya kama ni har na shiga kicin na yi kukana.

Lahadi da hantsi sai ga sallamar Inna, da langa a ka an ɗaure da ɗankwali. Ko ruwa ba ta sha ba ta fara yi mini faɗa.

"Ke wace irin sakarya ce? Kayanki har rumfar mai fura?"

Ta kwance langar. Ga oba-oba kwance, ƙwan zabi takwas kewaye da shi.

Ashe masu awon sun tsaya shan fura a Rigachikun, suka bar shi ƙarƙashin benci. Tsohuwa mai furar ta tsinta, ta juya ta ga ɗigo uku. Shekara talatin tana cin tuwo a kwanukan Inna, sai ta aika mata. Inna ta ga layin ƙasa ta ce wannan na 'yarta ne. Ƙwan kuwa na tsohuwar ne, don ba a mayar da kayan mutane hannu sake.

"Ta ce in gaya miki rediyonki ba ya kama komai," in ji Inna. "Ta murɗa har ta gaji, ko waƙa ɗaya."

Maigidana yana durƙushe a bakin ƙofa yana gaishe da surukarsa, kai a ƙasa, kafaɗunsa na rawa. Har yau ban san dariya yake ko kuka ba.

Ran Litinin ya kai abinsa, ya ci gaba da aikinsa har ya yi ritaya a ofishin nan. Bai ba ni haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Amma Juma'ar da ta biyo ya sake shigowa da kwalin nan, ya dire a gabana. Biyar ɗin ne, an buga musu sabon suna fes. Ya zura hannu a aljihu ya fito da sabuwar kwalbar jan farce, ya ajiye a kai, yana kallon bango.

"Daga ciki za ki sa," ya ce, "ƙarƙashin murfin batir. Kuma kada ki manta da layin."