Sistar da Ta Bi Tela Har Shagonsa

Kafin mai shara ta gama da barandar ƙaramin asibitin unguwarmu, Sista Doguwa ta riga ta iso. Ba ta zama sai ta buɗe firijin allurai ta duba ma'aunin sanyi. Daga nan ta jera ƙanƙara a akwati, ta shirya kwalabe da auduga da katuttuka, ta rataya a kafaɗa ta kama hanya. Shekara talatin da biyu ke nan tana aikin jinya, ƙarshen watan nan kuma za ta yi ritaya. Ni shugabar makarantar 'yan mata ce, a can na san ta, kuma ba zan bari ta tafi shiru ba.

Rabin aikinta a ɗakin mata masu ciwon daji ta yi shi. Da aka kawo allurar da ke kare yara daga HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, ita da kanta ta roƙi a mayar da ita sashen rigakafi. Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce, "Malama, na gaji da tarbar mata bayan lokaci ya ƙure. Gara in je in same su tun suna tsalle-tsalle."

Hannu gare ta kamar ba allura ta riƙe ba. Sai ta tambayi yarinya, "Wa ya fi kowa surutu a ajinku?" Kafin yarinyar ta gama nuna ƙawarta, har an manna mata auduga.

Amma zuwanta na farko makarantarmu bai yi daɗi ba. Jita-jita ta riga ta isowa, wai allurar tana hana haihuwa. A taron iyaye, wani tela mai 'ya'ya mata biyu ya miƙe. "Ba mai taɓa min yara! Uwarsu ta rasu ta bar min su, sai kuma in miƙa su a lalata musu rayuwa?" Wuri ya kaure da hayaniya. Cikin yara ɗari biyu, goma sha ɗaya kawai aka yi wa ranar. Sista ta daɗe tana kallonsa. Ni kuwa raina ya ɓaci. Ta ce, "Ƙyale shi, Malama. Son 'ya'yansa ne ya sa shi ihu."

Sauran labarin daga bakin telan na ji, shi ne ma ya ce in rubuta. Washegari ta je shagonsa, ta zauna a benci har masu kawo ɗinki suka watse. Sannan ta ce, "Malam, ba ka gane ni ba? Gado na huɗu, kusa da taga."

Ya ce nan take ƙafarsa ta tsaya a kan keken ɗinkin. Ita ce wadda ta yi jinyar matarsa shekara shida da suka wuce. Ita ke mata wanka, ta canza zanin gado, ta yi mata kitso, a lokacin da dangi ke tsayawa daga bakin ƙofa.

"Me aka ce maka ya same ta?"

"Sun faɗi wani suna, Sista. Hankalina ba ya jikina, ban riƙe ba."

"To, wannan ciwon ne nake yawo a kansa. Allurar ba ta hana haihuwa, jikata ma da hannuna na yi mata. Dantse zai yi tsami kwana ɗaya ko biyu. Ka yi tunani, 'ya'yanka ne."

Ku duba fa. Tun a taron ta gane shi. Da kalma ɗaya za ta iya rufe masa baki a gaban jama'a, amma ta rufa masa asiri, ta yarda ta koma da akwati cike.

Mako na zagayowa, da Sista ta dawo makaranta, sai ga tela da yaransa, ɗaya a kowane hannu. Bayan an yi musu, bai koma shago ba. Ya tsaya a ƙofar makaranta yana tare iyaye ɗaya bayan ɗaya, yana ba su labarin matarsa da bakinsa. Kafin hutu, yaran da suka rage ba su kai goma ba.

Mu malamai ma ba ta ƙyale mu ba. "Ku manya, gwaji ne naku. Kada ku jira sai kun ga jini." Ta yi ta mana naci har muka je. Mutum biyu aka ga alamar farko a jikinsu, aka magance ta tun ba ta zama ciwo ba. Ni ce ɗaya.

Sista Doguwa, uwar 'ya'yan wasu! Ke ce kika ga ƙarshen ciwon nan da idonki, kika ƙi sabawa da shi. Ke ce aka yi wa ihu, kika bi mai ihun da sallama. Yawancin waɗanda kika kare ba za su taɓa sanin abin da ya wuce su ba. Za su yi girma, su haihu, su tsufa suna faɗa da jikoki. Mun gode, Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi.

Iyaye, in takarda ta zo daga makaranta, ku tambaya har ku gamsu, sannan ku sa hannu. Mata 'yan uwana, ku je gwaji. Masu shigowa aikin jinya, ku koyi haƙurinta kafin ku koyi hannunta. Ni dai da naci irin nata nake zaune yau ina wannan rubutu.